Ku Tambaya Mu Amsa: Dabbobin Kwali a Makoko da 'Yan Tsanar da Muka Bari Suka Ɓace

Saƙonnin wannan mako kusan duk bakinsu ɗaya, tun da bidiyon dabbobin nan na kwali ya sake zagayawa a WhatsApp. Na tsamo biyar. Waɗanda suka aiko da tambaya kan kuɗin haya a Agege su yi haƙuri sai mako mai zuwa, ai mai gida ba zai manta da ku ba.

Tambaya, daga wani mai sayar da albasa a Mile 12: Malam, an turo mini bidiyo wai a Makoko, unguwar masunta ta kan ruwa a nan Legas, aka ɗauka. Ga gwaggon biri da wasu namun daji a cikin kwale-kwale suna motsi kamar masu rai. Wasu a rumfarmu sun ce aikin kwamfuta ne, wasu sun ce tsafi ne. Mun ce kai za ka raba gardama.

Amsa: Alhaji, ka gaya wa mutanen rumfarku duk sun faɗi. Babu kwamfuta, babu tsafi. Kwali ne da siririn katako da hannun mutane. Ina wurin da kaina ranar Asabar 19 ga Afrilun 2025, bayan na sha cunkoson Yaba a danfo har na kusa komawa gida.

Abin da kuka gani wani ayari ne da aka sa wa suna The Herds, wato garkunan dabbobi. Ya taso daga Kinshasa ta ƙasar Kwango a watan Afrilun 2025, ya yada zango a Legas, ya wuce Dakar, ya bi ta Maroko, ya tsallaka Turai, bai tsaya ba sai can ƙurewar arewa a ƙasar Norway cikin watan Agusta. Tafiyar kilomita dubu 20. Manufar masu shirin ita ce a nuna namun daji suna gudun hijira daga sauyin yanayi, suna kutsawa cikin birane, mutane su gan su a ƙofar gida. Wanda ya jagoranci shirin, Amir Nizar Zuabi, Bafalasɗine ne. Waɗanda suka tsara siffar dabbobin kuwa wata ƙungiyar matasa ce ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu mai suna Ukwanda. A kowane zango ana koya wa 'yan garin yadda za su riƙe dabbobin, shi ya sa hannayen da suka motsa su a Makoko da yawansu na 'yan Legas ne.

Bari in faɗa maka abin da wayarka ba ta nuna maka ba. Kafin a ɗora su a kan ruwa na tsaya dab da wata mai kama da barewa, mai murɗaɗɗen ƙaho. Ana ganin komai: gefen kwalin da aka yanka, mahaɗar gwiwa, ramin cikinta da iska ke ratsawa. Ba a ɓoye masu riƙe da ita ba, ga su nan tsaye suna gumi. Tana ajiye, kaya ne kawai irin wanda 'yan bola za su yi ciniki a kai. Sai yarinyar da ke riƙe da kan ta ja numfashi, na bayanta ya bi ta, ƙirjin kwalin ya ɗan ɗaga ya sauka. Ta karkata kan kaɗan kamar dabbar ta ji motsi. Wallahi wani yaro da ke gabana sai da ya ja da baya ya riƙe zanen uwarsa. Ni ma da furfurata na daina ganin yarinyar, barewa nake gani. Asirin ke nan gaba ɗaya, numfashi da haƙuri. Mai gaggawa ba ya iya wannan sana'a.

Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne kwale-kwalen. Masu kallo sun ɗauka sabon salo ne na Turawa. Alhali a ƙasar Mali masunta 'yan ƙabilar Bozo sun daɗe suna fito da 'yan tsanarsu a kan jiragen ruwa cikin Kogin Kwara, da kiɗa da waƙa, jama'a na kallo daga gaɓa. Masuntan Makoko da masuntan Mali ba su san juna ba, amma ruwa ya koya musu abu ɗaya.

Tambaya, daga wata ɗalibar jami'a da ke zaune a Idi-Araba: Baba, an ba mu aikin rubutu kan wasan 'yar tsana a Afirka. Malaminmu ya lissafa na Tibi da na Yarabawa da na Ibibiyo. Da na ce Hausawa fa, sai 'yan aji suka yi dariya wai mu ba mu da shi. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yata, ba gaskiya ba ne, amma kada ki ga laifinsu da yawa. Mu da kanmu muka manta.

Sunansa dabo-dabo. A Nijar ana kiran 'yan tsanar ɗiyan dabo, Barebari kuma suna ce wa nasu dogodogo. Wani Bature ya rubuta bayanin wanda ya kalla a Borno tun 1935, kuma abin da ya rubuta ya yi daidai da abin da kakata, mutuniyar Damagaram, take ba mu labari muna yara. Mai wasan ba ya bukatar dandamali. Babbar rigarsa ce ɗakin wasan. Zai kafa sanda, ya lulluɓa rigar a kai ta zama 'yar bukka, ya shige ciki. Ta wuyan rigar 'yan tsanar ke leƙowa, ya sa su a hannu kamar safa. A bakinsa akwai wani ɗan abin busa da ake yi da ɓawon ƙwan jimina, shi ke mayar da muryarsa siririya mai tsiwa, ba ta mutum ba, ba ta tsuntsu ba. Saboda ba kowa ke gane maganar ba, sai a sami wani a waje yana maimaitawa yana amsa musu, makaɗa na gefe. Labaran kuwa na gida ne: ɓarawon da aka ritsa, mace da miji, masu neman aure biyu a ƙofa ɗaya. Kakata takan ce babu abin da ke sa mata dariya kamar yadda 'yar mitsitsiyar tsana za ta zazzage wa babban mutum rashin kunya a tsakiyar kasuwa, shi kuma ba halin ya yi fushi, don wa zai kai ƙarar tsumma wurin alƙali?

Ki riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan rubutunki. 'Yar tsana tana faɗin abin da bakin mutum ke tsoro. Haka take a ko'ina. A Kenya, shirin talabijin na XYZ da mai zanen barkwanci Gado ya fara a 2009 da 'yan tsanar roba ya riƙa kwaikwayon shugabannin ƙasar, aikin da mai dabo-dabo ke yi a kasuwar ƙauye ne aka kai gidan talabijin.

Kuma ko an ajiye dabo-dabo gefe, wace Bahaushiya ce ba ta yi wa 'yar tsanarta biki ba, har da kayan ɗaki na gwangwani da fasassun kwanuka? Wane yaro ne bai hau dokin kara ya yi sukuwa yana haniniya da bakinsa ba? Ki dubi tashe da azumi, yadda yara ke manna gemun auduga su zama tsofaffi. Hannun da ke ba kara rai muna da shi tun fil azal.

Bambancinmu da Tibi shi ne su ba su saki nasu ba. Wasansu na Kwagh-hir a jihar Binuwai da dare ake yin sa, da rani, ga mai ba da labari, ga mawaƙa, ga masu haska fili da wutar ciyawa, ga akwatin da aka rufe da ƙyalle, mutane na ciki suna motsa sassaƙaƙƙun mutane a samansa. Ba su ce sai abin da kakanni suka sassaƙa ba. Duk abin da ya shigo rayuwarsu, soja ne ko mai babur, sai su sassaƙa shi ya hau akwati. Ƙauye da ƙauye suna gasa. A 2019 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Na garin Markala a Mali ya riga shi shiga, tun 2014. Mu kuwa muka bar namu ya bi rigar mai shi zuwa kabari. Ina zargin sunan ma ya cuce shi: da an ce dabo sai hankalin mutane ya tafi ga rufa-ido da masu yanka kansu da wuƙa, aka haɗa su a kwando ɗaya aka zubar. Sinima da rediyo da talabijin suka ƙarasa sauran.

In kina da hutu, ki tambayi tsofaffin Agege, musamman waɗanda suka zo daga Borno da Damagaram da Maraɗi. Ki tafi da waya ki naɗi muryarsu. Abin da za su gaya miki ya fi wanda za ki kwafo a intanet.

Tambaya, daga wani malamin firamare a Obalende: Malam, ni abin da ke damuna shi ne wannan cuɗanya da ake yabo. Kuɗin Turawa, shirin Turawa, sai a kawo yaranmu su ɗauki kwali a rana. Wannan musayar al'adu ce ko dako?

Amsa: Malam, tambayarka da nauyi, kuma rabinta ina tare da kai. Kamfanin da ya shirya ayarin nan a Ingila yake. Yawancin manyan ayyukan irin wannan kuɗinsu daga waje yake zuwa, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda aka ba tallafi don ya yi wasa kan sauyin yanayi ba zai tashi ya yi kan 'yan kamasho na tasha ba, ko da shi ne abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ayari ya wuce cikin kwana uku, an ɗauki hotuna, Makoko tana nan da ruwanta.

Amma kafin mu ce dako ne, mu duba ta ina kayan suka fito. Akwai wani kamfanin 'yan tsana a Cape Town mai suna Handspring, an kafa shi a 1981. Biyu daga cikin waɗanda suka kafa shi, Adrian Kohler da Basil Jones, sun sha faɗa cewa 'yan tsanar Bambara na Mali suna cikin abin da ya buɗe musu ido, suka gane ashe wannan ba wasan yara kaɗai ba ne. Su Bambara suna kiran nasu sogo bo, ma'ana dabbobi sun fito, kuma ƙungiyar samarin gari ce ke shirya shi. A 2004 Handspring suka haɗa gwiwa da Yaya Coulibaly, wanda ya gaji sana'ar a gidansu ya kuma kafa ƙungiyarsa ta Sogolon a Bamako a 1980. Wasan da suka yi tare, Tall Horse, labarin gaske ne: raƙumar dawa da aka kamo a Sudan, mai mulkin Masar Muhammad Ali ya aika wa sarkin Faransa kyauta, ta taka da ƙafarta daga Marseille zuwa Paris cikin kwana 41 a 1827. Sai dai ba ta bakin sarki suka ba da labarin ba. Ta idon Atir suka ba da shi, baƙin mutumin da ke kiwonta. Ka ga an juya madubi: Afirka ce ke kallon Turai tana mamakin ɗabi'unsu.

Bayan shekara uku, a 2007, dawakin da Handspring suka ƙera suka hau babban dandalin wasan kwaikwayo na Landan a wasan War Horse. Mutum uku ke riƙe da kowane doki, ɗaya kai, ɗaya ƙirji, ɗaya ƙafafun baya, wanda ya yi kama da tsarin Japanawa na bunraku inda mutum uku ke kan tsana ɗaya. Turawa suka yi ta kuka a kan dokin da aka yi da sanda da ƙyalle. Handspring ɗin ne kuma suka ƙera Amal, 'yar tsanar nan mai siffar yarinya 'yar gudun hijirar Siriya mai tsawon mita uku da rabi, wadda ta yi tafiyar kilomita dubu 8 daga Gaziantep ta Turkiyya zuwa Manchester a 2021. To lissafa: dabara daga Mali da Japan, hannu daga Afirka ta Kudu, masu kallo a Landan. Wa ya yi wa wa dako a nan?

Ni ma'aunina ɗaya ne. Bayan baƙi sun tafi, me ya rage a hannunka? In yaron da ya ɗauki kwali ya koyi yadda ake haɗa gwiwar dabba ta lanƙwashe, gobe ya ƙera kurar tatsuniyarmu ya sa ta yi Hausa, ya ci riba. In hoto kaɗai ya rage masa da rigar da aka raba, to gaskiyarka, zanen aro ne, kuma ba ya rufe katara. Yaya Coulibaly ya zagaya duniya bai zubar da na gidansu ba, shi ya sa da ya zauna da baƙi yana da abin ajiyewa a faifai. Matsalarmu mu Hausawa a wannan fage ba yawan cuɗanya ba ce. Hannu rabbana za mu je.

Tambaya, daga wata malamar Islamiyya a Agege: Malam, ina so in riƙa amfani da 'yar tsana wajen koya wa ƙananan yara ladubba, amma wasu iyaye sun ce gunki ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Malama, ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma kin fi ni kusa da littattafai. Abin da zan iya tuna miki shi ne abin da ke rubuce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawud har ya ga wani doki mai fukafukai biyu a cikinsu ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba, sai ya yi dariya. Haka Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna yi wa yaransu abin wasa da ulu don su shagala su kai azumin Ashura. Da waɗannan ne malamai da yawa suka keɓe abin wasan yara daga hanin da ya zo kan sassaƙa siffar mai rai. Akwai kuma masu tsanantawa, musamman in siffar ta cika da fuska da komai. Saɓanin tsoho ne.

Ta fuskar tarihi kuma, ƙasashen Musulmi ba baƙin wannan wasa ba ne. A Alƙahira tun ƙarni na 13 wani likitan ido, Ibn Daniyal, yake rubuta wasannin inuwa da ake nunawa a bayan labule. Turkawa suna da Karagoz, mutanen Indunusiya suna da wayang, Misirawa har yau suna da Aragoz.

Shawarata, kada ki yi gardama da iyaye a ƙofar makaranta. Ki je wurin limamin da suke ji da shi, ki nuna masa abin da kike nufi a hannu. In zuciya ba ta kwanta ba, safa mai maɓalli biyu ta isa, ko a yi wasan inuwa da farin zane da tocila. Yara ba ruwansu da cikar siffa.

Tambaya, daga wani matashin tela a Alaba Rago: Yaya, ina da keke da ƙyallaye buhu-buhu da nake zubarwa. Tun ina yaro nake son Zobi na talabijin. Ta ina zan fara, kuma akwai ci a ciki?

Amsa: Ƙanena, Zobi mai son doya da ƙawarsa Kami sun fara fitowa a NTA a 2011 cikin shirin Sesame Square, reshen wani tsohon shirin yara na Amurka. Amma kada ka fara da kwaikwayonsa, yana da masu shi.

Ka samo ragowar soson katifa, almakashi mai kaifi, gam, da kwali mai kauri. Bakin ne farko: yanka kwalin kamar tafin hannunka sau biyu, ninke shi a tsakiya, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa. Ka lulluɓe da soso ka ɗinka masa ƙyalle. Idanu su ɗan karkato ciki kaɗan, in ba haka ba zai yi ta kallon sama kamar wanda aka tambaya bashi. Sannan ka tsaya gaban madubin shagonka. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ɗaga saman kai in tsana na magana. Babban yatsa ne zai riƙa sauka, haɓa ce ke motsi. Kowace gaɓar magana buɗe baki ɗaya. Kuma kafin ta ce uffan, ka bar ta ta yi numfashi ta dubi mutane, kamar barewar da na ba Alhajin Mile 12 labari.

Ka ba ta hali irin na mutanen da kake gani kullum: dillalin raguna da bai taɓa faɗin farashin gaskiya ba, ko baƙon da ya sauka daga tirela jiya yana fama da Yarabanci. Kada ka kwaikwayi wani sananne a unguwa, za ka sha dukan da tsanar ba za ta taya ka ba.

Batun ci, ba zan yi maka ƙarya ba, kada ka rufe shago. Ka fara da minti ɗaya a waya ka saka a TikTok ko Facebook, ka gwada makarantun unguwa ranar rabon sakamako da walimar yara. Ranar 21 ga Maris ce ranar wasan 'yar tsana ta duniya, ka sa ta a gaba a matsayin ranar da za ka fito da ta farko. In ka gama, ka ɗinka babbar riga ɗaya mai faɗin wuya, ka nemo sanda, ka aiko mini da saƙo. Zan zo da ɗalibar nan ta Idi-Araba da wayarta, ni kuma zan tsaya a waje in riƙa maimaita abin da tsanar ta ce.